Asabar a Birnin Lugude

"Ba zan sauka ba, Baba Mai Gari," in ji Asabe. "In siminti za a zuba, a zuba da ni."

Tana zaune a bakin tsohuwar rijiyar Tungar Maje, ƙafafunta suna lilo a ciki. Magina uku na tsaye da buhunan siminti, kowa ya sunkuyar da kai. Daga can ƙarƙashin ruwa kuwa ana jin abin da mutanen garin suka saba yi kamar ba su ji ba: ƙarar taɓare bakwai, dim, dim, dim, lugude ba tsayawa.

Shekara goma sha bakwai ke nan da wannan ƙara ta fara. A wata shekarar fari rijiyar ta ƙafe har ƙasanta ya tsage. Ran nan da hantsi wani dogon aljani, fari fat da gari tun daga kai har ƙafa, ya hawo daga ciki ya ce Sarkin Birnin Lugude ne ya aiko shi. Za a buɗe musu idon ruwa, su kuma su ara wa sarki mata bakwai su yi masa daka. Mai Gari Nomau ya tambaya har zuwa yaushe. Aljani ya ce, "Ku kuka san kwanakinku, ku yanka." Ranar Lahadi ce. Nomau ya ce, kamar mai ba da aron fartanya, "To, zuwa Asabar."

Ruwa ya zo. Mata bakwai suka sauka, har da Kande, mahaifiyar Asabe, wadda ta bar ta tana 'yar shekara shida. Asabar ta zo ta wuce, wata ta biyo, babu wadda ta hawo. Tun daga nan sunan ranar ya yi wa garin nauyi a baki, sai dai a ce "washegarin Juma'a". Ita kanta yarinyar da aka haifa a ranar, sunanta ya zama abin kaucewa. Aka yi ta kiranta "ke yarinya" har ta gama makarantar horon malamai ta dawo koyar da 'yan aji uku, aka sami sauƙi aka koma "Malama". Ita kuwa kowane mako sai ta rubuta ranakun nan bakwai a allo da rubutunta mai kyau, ta sa yara su faɗe su da ƙarfi yadda za a ji har fada.

"Malama, ki ji tsoron Allah," in ji Mai Gari. "Shekara shida muna shan ruwan burtsatse. Wa ke jan guga a nan? Ƙarar nan tana firgita baƙi. Ranar kasuwa ma mutanen Dogon Marke sun ce garinmu garin aljanu ne."

"Ƙarar nan hannun uwata ce."

"Kin san ba na so a tayar da tsohon zance."

"Ni ma ban so aka yanka ranar da ba a bi ba. Ka ba ni mako ɗaya. Yau Lahadi, kamar wancan karon."

Nomau ya daɗe yana murza carbi. "Na ba ki zuwa washegarin Juma'a. Rana na faɗuwa za a rufe, ko kin fito ko ba ki fito ba."

"Faɗi sunan ranar, Baba."

Bai faɗa ba. Ya juya ya tafi, babbar rigarsa na jan ƙasa.

Asabe ta ɗaura zane ta tamke, ta rataya gorar ruwa, ta ƙulle allin rubutu guda biyu a gefen zanen, ta kama igiyar guga ta sauka. Da ƙafarta ta taɓa ruwa sai ruwan ya dare kamar labule. Igiya ta ƙare, ta saki, ta faɗa kan abu mai laushi da ƙaiƙayi.

Fili ne ba iyaka, babu itace babu ciyawa, sai ƙaiƙayin gero tudu-tudu. Rana tana sama, amma fara ce, ba ta da kyan gani. Ta yi ƙulli ɗaya a bakin ɗankwalinta don kada lissafin kwana ya ɓace mata, ta nufi inda ƙarar lugude take fitowa. Kwana biyu tana tafiya, ƙaiƙayi na shiga mata ido da hanci, fatarta ta yi ruɗu-ruɗu don susa.

A rana ta uku ta tarar da kajin ƙasar. Kowace ta kai raƙumi, suna tona suna tsince. Wata wake-wake mai ido ɗaya ta hango ta, ta taho da gudu, ƙasa na girgiza. Asabe ta haye wani shimfiɗaɗɗen dutse, ba wurin ɓuya. Sai ta tuna wasan da take hana 'yan ajinta yi da kajin mutane a bayan makaranta. Kazar na kai baki ƙasa don sara, ta zaro alli ta ja dogon layi tun daga tsinin bakin har ƙarshen dutsen. Kaza ta ƙura wa layin ido, ta sandare. Asabe ta bi ta ƙarƙashin fiffikenta ta wuce, alli ɗaya ya ƙare a nan.

Ƙulli na huɗu ya same ta a bakin wani kogi fari mai tsami, duk ƙasari ne, ruwan wankin surfe na shekara da shekaru. A gaɓa akwai ƙwarya mai girman ɗaki, a ciki wani aljani mai kan bunsuru yana riƙe da ludayi a matsayin filafili.

"Ya ke 'yar Adam," in ji shi, "mai haye wannan kogi yakan bar ɗayan abu biyu: ko sunansa, ko ruwan shansa. Na shawarce ki da barin suna. Ya fi sauƙin ɗauka a rasa."

"Ya kai mai fito, na gode da shawara. Amma garinmu kaf sun shekara goma sha bakwai suna so in bar sunan nan ban bari ba. Ba zan bar wa bunsuru ba."

Aljani ya yi dariya har gemunsa na rawa. "Bakinki ya fi ƙarfin jikinki. Kawo gorar."

Ta miƙa masa. Ya kafa kai ya shanye a gabanta, sannan ya haye da ita.

Daga nan sai tuddan dusa. Ta yi ta hawa tana zamewa, yini guda cur, harshenta ya bushe kamar ƙirgi. Ƙarar lugude ta yi ƙarfi har tana jin ta a haƙoranta. Da hantsin Juma'a, ƙulli shida a ɗankwali, ta iso ganuwar birni, wadda aka gina da curin gero da aka kirɓa ya bushe ya zama dutse. Ta zagaya ta ƙirga ƙofofi shida. A tsakanin ta shida da ta farko akwai wani wuri da aka toshe, yaɓensa bai yi kala ɗaya da sauran ba.

Mai tsaron ƙofa ya fito, gajere, fuska ɗaya baki shida a jere.

"Ya ke baƙuwa," bakunan suka ce tare, "ba a shiga birnin nan sai an gaya wa kowace ƙofa asalin sunanta. Wanda ya kuskure, kajin baya suna jiransa."

Asabe ta gyara tsayuwa kamar a gaban aji. "Sunayen nan baƙi ne a bakinmu, daga Larabci suka zo mana tare da malamai da fatake. Lahadi, al-ahad, ɗaya ke nan. Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Ƙidaya ce kawai, irin ta yaro da tsakuwa. Juma'a ce ta fita daga ƙidaya, ita sunanta taruwa, don a ranar ake haɗuwa. Saura ɗaya. Ina ƙofarta?"

Bakuna biyar suka rufe. Na shida ya ce a hankali, "Wannan tambayar ta sarki ce."

Aka shiga da ita. Aljanun birnin ba sa cin tuwo ba sa shan fura. Ƙarar daka suke ci. Suna zaune a kan soraye da katangu, bakuna buɗe, kunnuwa kamar faifai, kowane dim ya faɗa sai ka ga maƙogwaronsu ya motsa. Garin da ake dakawa kuwa zubar da shi ake yi bayan ganuwa. A tsakiyar fili ga turame bakwai, ga mata bakwai a tsaye, gashinsu fari, ba ka sanin gari ne ko furfura. Ƙafafunsu sun lotsa ƙasa har idon sawu.

Sarki Gurzau yana kishingiɗe a kan kifaffen turmi mai girman rumbu, ƙiba ta rufe masa idanu.

"Ranka ya daɗe," in ji Asabe, ba ta durƙusa ba. "Ni ce Asabe 'yar Kande, daga Tungar Maje. An ara maka mata zuwa Asabar. Na zo karɓa."

"Ya ke 'yar Kande, ba mu taɓa cin amanar aro ba. Ranar da Asabar ta zo za mu sallame su da godiya. Ba ta zo ba tukuna."

"Ta zo sau ɗari takwas da wani abu. Na ƙirga."

"A garinku. An ce ke malama ce. Gaya wa fadawana ma'anar sunan da kike ɗauke da shi."

"As-sabt. Yankewa, dakatar da aiki, hutu."

"Madalla. Ina nan lokacin da mutanen farko suka raɗa mata wannan suna, tun kafin Larabawa su karɓa su miƙa muku. Ba lamba suka ba ta ba kamar 'yan'uwanta, aiki suka ba ta, aikinta kuwa shi ne a ajiye aiki. To, dubi filin nan. Tun da matan nan suka sauko taɓarya ba ta taɓa tsayawa ba. Ranar da ba a dakata ba, da wane baki zan kira ta ranar dakatawa? Daga Juma'a sai mu koma Lahadi. Mu ba ma kiran abu da sunan da bai cika ba. Ku ne kuke yi."

Abin da ya fi ba Asabe haushi shi ne maganar ba ƙarya ba ce.

"In taɓaren nan suka tsaya fa?"

"In gobe, kafin rana ta faɗi, birnin nan ya yi shiru gwargwadon numfashi bakwai, Asabar ta zo, ƙofarta za ta buɗe. Sharaɗi biyu: ba za ki ƙwace taɓarya ba, ba za ki riƙe hannun kowa ba. In kin kasa, akwai turmi na takwas. Ki sani kuma, ba mu ɗaure kowa ba. Wadda ta ajiye taɓarya, ƙishirwar shekarar farin nan ta garinku duka za ta sauka a maƙogwaronta har ta fita daga ƙasata. Kin yarda?"

"Na yarda."

Kafin gari ya waye sosai ta yi ƙulli na bakwai. Ta je wurin nan da aka toshe a ganuwa, ta rubuta ASABAR da sauran allinta, manyan baƙaƙe, ta gyara kowane harafi yadda take yi a aji. Sannan ta shiga fili.

Ta gane uwarta da tsagar da ke kumatunta. Kande ta dube ta sau ɗaya, taɓarya na hawa na sauka.

"Inna, ni ce."

"Na gani," in ji Kande. "Ke, wa ya ce ki zo nan? Kin ci abinci?"

Asabe 'yar fari ce, saboda haka uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ko na yanka ko na rana. Kunyar ɗan fari ta bi Kande har ƙarƙashin ƙasa.

"Inna, ku ajiye. Yau Asabar."

Wata tsohuwa a turmi na kusa, Tabawa, ta yi tsaki. "Ji 'yar boko. Mu ajiye, rijiya ta ƙafe, 'ya'yanmu su mutu? Na bar Ɗanjuma yana rarrafe. Kowane dim da kika ji, guga ɗaya ne a bakinsa."

Nan Asabe ta gane abin da ya riƙe su. Ta kuma gane cewa abin da zai sake su ba mai daɗi ba ne. Ta so ta sassauta, ta ga rana tana hawa.

"Gwaggo Tabawa, Ɗanjuma ya zama saurayi, yana tuƙa mota a birni. Shekara shida ke nan babu wanda ya sha ruwan rijiyar nan. An haƙa burtsatse a bakin kasuwa, yaro ma yana murɗawa ruwa ya zo. Guga ya ruɓe a kan gwafa. Yau da faɗuwar rana Mai Gari zai rufe bakin rijiyar da siminti, don ƙarar dakanku tana firgita baƙi."

Lugude ya rikice, karo na farko. Aljanun kan soraye suka motsa.

"Ƙarya kike," in ji Tabawa. "Ana dai ambatonmu?"

"Ba a ambatonku. Ko sunan ranar da aka ce za ku dawo ba a faɗa."

Tabawa ta ƙara dim uku, marasa ƙarfi. Sannan ta jingina taɓarya a jikin turmi, ta zauna a ƙasa, ta kama maƙogwaro da hannu biyu. Leɓunanta suka tsage nan take. Ba ta yi kuka ba, babu ruwan yin sa.

Sauran ba su zo da sauƙi ba. Asabe ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana ba kowace labarin gidanta ba tare da ta rage komai ba: wadda mijinta ya rasu, wadda aka rushe ɗakinta aka yi shago, wadda 'yarta ke ce wa mutane uwarta ta mutu wurin haihuwa. Wata ta zage ta, wata ta tofa mata busasshen yawu. Aljanu suka riƙa zagayawa da ƙoren ruwan sanyi, suna cewa duk wadda ta koma turmi ta sha. Suka kawo wa Asabe ma har gaban hanci, ta kau da kai. Da la'asar taɓare shida suna kwance.

Saura ɗaya. Dim. Dim. Duk aljanun birnin suka taru a kan Kande, suna wawar ƙarar da ta rage.

"Inna, kin ji duk abin da na faɗa."

"Na ji."

"To, ki ajiye."

"Ina so," in ji Kande, muryarta ƙasa-ƙasa. "Tun azahar nake ce wa hannun nan ya tsaya. Ba ya ji. Ke, tafi da su Tabawa. Ni na riga na zama ta nan."

"Ƙofar ba ta buɗewa sai kin tsaya."

"To, ban san yadda ake yi ba. Na manta."

Rana ta taɓa kan ganuwa. Sarki Gurzau ya sa aka mirgino turmi na takwas, aka kafa shi kusa da Asabe, aka jingina sabuwar taɓarya. "Ya ke malama," in ji shi, "itacen ƙirya ne, zai daɗe."

Asabe ta dubi hannun uwarta, wanda aka hana ta riƙewa. Ta dubi taɓaryar, wadda aka hana ta ƙwacewa. Babu wanda ya yi maganar turmi. Ta durƙusa, ta zura hannunta na dama cikin turmin Kande, ta shimfiɗa shi a kan geron.

"Ke, cire."

"Ba zan cire ba."

Taɓarya ta sauko. Ƙarar ba dim ba ce. Asabe ta ciji leɓe har jini, ba ta janye ba. Taɓarya ta sake hawa, Kande na kallonta tana hawa kamar hannun wani ne, ta sake saukowa. Gero ya yi ja. Taɓarya ta hau karo na uku.

"Asabe!" in ji Kande.

Taɓaryar ta tsaya a sama. Jijiyoyin hannuwan tsohuwar sun miƙe, amma ta tsaya. Birnin ya yi tsit. Asabe ta ƙirga numfashinta da kanta, a bayyane, da sunayen da ta sani: Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a. A na bakwai muryarta ta ƙi fita, sai Tabawa ce ta faɗa daga ƙasa, da tsagaggen baki.

Yaɓen da ke ƙarƙashin rubutun alli ya zube. Sarki Gurzau ya miƙe zaune da ƙyar. "Ta zo," in ji shi. "Mun gode da aro. Ku tafi." Aljanunsa kuwa suka bi su da ido, bakuna buɗe, babu abin haɗiya.

Bayan ƙofar gindin rijiya ne. A sama, rabin bakin an riga an shimfiɗa masa katako, ana kwaɓa siminti. Tabawa ta ɗauki dutse ta yi ta bugun bango har wani magini ya leƙo. Aka jawo su ɗaya-ɗaya da igiyar magina, Asabe a ƙarshe, an ɗaura mata igiyar a ƙugu don ba ta iya kamawa.

Garin ya taru, amma babu guɗa. Mata bakwai suka tsaya farare, suna duban gidajen da ba su gane ba, mutane na dubansu kamar an tono abin da aka binne. Wata yarinya ta kawo ruwan burtsatse a bokiti, suka sha. Mai Gari Nomau ya zo ya tsaya nesa kaɗan.

"Sannunku da dawowa," in ji shi. "Sannu, Malama."

"Wace rana ce yau, Baba?"

Ya dubi ɗankwalin da aka naɗe mata hannu da shi, jini ya rine ƙulle-ƙullen bakwai. "Asabar," in ji shi.

Aka rufe rijiyar washegari, babu wanda ya hana. Biyu daga cikin matan ba su ga damina ba. Tabawa ta je birni wurin Ɗanjuma, ta dawo bayan mako uku, ba ta ce komai a kai ba. Kande ta yi wata biyar a ɗakin 'yarta. Tana zaune hannuwanta za su tashi su sauka a iska, sai Asabe ta kira ta su tsaya. Ba ta sake faɗin sunan 'yar ba bayan wancan karon, kuma Asabe ba ta nema ba.

A asibiti aka yanke yatsu uku, sauran biyun suka ƙage. Mutanen Tungar Maje sun koma faɗin Asabar a kasuwa da masallaci kamar ba su taɓa bari ba, amma da yawa ba su yafe mata abin da ta gaya wa iyayensu mata a ƙarƙashin ƙasa ba, suna sauya hanya in sun hango ta. Ta koyi riƙe alli da hagu, rubutun ya fito a karkace, 'yan aji uku suna gyara mata harafi. Abin da ta samu wata biyar ne da uwarta da kiran suna sau ɗaya. Abin da ta bayar hannun dama ne da gaisuwar rabin gari.